Littafi Mai Tsarki a Gonakin Gobir

Gulbin Maraɗi yakan biyo ta Tsibiri ya shigo Najeriya, ya haɗu da gulbin Rima a yankin Sabon Birni. Mutanen bakinsa dangin juna ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 Gobirawa suka watse, wasu suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshen gidan sarautar ya kafa Sabon Birni. Turawa ne suka zo suka ja iyaka a tsakani, Ingila ta ɗauki kudu, Faransa ta ɗauki arewa.

Wannan iyaka ta shafi tarihin bishara a Gobir. Da Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya ci Sakkwato a 1903, ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka daɗe ana taka wa 'yan mishan birki a masarautun Arewa. Sai ƙungiyar mishan ta SIM ta zagaya ta ɓangaren da Faransa ke mulki. Ta sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma ta buɗe tasha a Tsibiri, a gaban Sarkin Gobir.

Littafin da za su koyar da shi bai ma gama fitowa ba a lokacin. Tun 1857 wani Bajamushe, Schön, ya fara buga sassansa da Hausa, da taimakon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki sai a 1932 ya fito, bayan wahalar shekaru da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Manomin Gobir da ya iya karatun boko ya buɗe shi, sai ya tarar da duniyar da ya sani: mai shuka da iri, makiyayi da ɓatacciyar tunkiya, rijiya, fari, rumbunan Yusufu a Masar. Ba ya bukatar wani ya yi masa dogon bayani.

Masu bi ba su taɓa yawa a Gobir ba, har yau ƙalilan ne a cikin Musulmi. Amma sun ɗauki karatun da gaske. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri ta yaye masu bishara, an buɗe asibitin Galmi a 1950, aka kuma yi makarantar noma ta Maza Tsaye kusa da Maraɗi.

Inda abin ya fi ratsa zuciya shi ne batun itatuwa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi ƙarƙashin SIM a farkon shekarun 1980, ya tarar ƙasa ta zama fako. Dashen da ake yi mafi yawansa mutuwa yake, ko rana ta ƙone shi ko awaki su cinye. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya kusa fid da rai, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido, kuma Zabura ta 104, mai maganar yadda Ubangiji ke sabunta ƙasa, ta zama madogararsa. A 1983, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Ashe kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai.

Aikin ba shi da wuya. Manomi ya duba tohon kututture, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da adda mai kaifi, ya kare su daga dabbobi. Aka sa masa suna sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa Rinaudo, don a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce wadda aka share ƙal. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka gwada, saboda an haɗa rabon abinci da barin itatuwa. Da abinci ya ƙare da yawa suka sake sarewa, amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki, da harawa, da gero mai kyau a ƙarƙashin gawo.

Daga nan maƙwabci ya riƙa koya wa maƙwabci, kuma akasarinsu Musulmi ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.