Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sunaye Masu Kama da Juna a Yankin Kazaure

Cikin raunin da ke damun rubutun tarihin garuruwanmu, babu mai saurin shiga kamar ɗaukar kamannin suna a matsayin hujjar asali. Da zarar sunaye biyu sun yi kama a kunne, sai a ƙulla musu zumunci, a ƙago hijirar da za ta haɗa su. Arewa maso yammacin Jigawa wuri ne mai kyau na gwada wannan ɗabi'a.

Babura ta fi ko'ina tara 'yan kama. A rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sunan garin yana kama da jam'in babur, abin hawa. Wannan ba ya ruɗar kowa sai don raha, domin Babura gari ne na iyakar Kano ta arewa tun ƙarni na 19, babur kuwa sai a 1885 aka ƙera na farko mai injin fetur a Jamus. Wanda ke iya yaudarar ɗalibi shi ne Babur da Bura, mutanen ƙasar Biu a kudancin Borno. Haɗa sunayen biyu ka ji abin da zai fito! Amma tarihin Biu daban, na Babura daban. Abin lura shi ne, akwai dangantaka ta gaske tsakanin harshen Bura da Hausa, don dukansu 'yan gidan Cadi ne, kamar yadda rabe-raben Joseph Greenberg da na Paul Newman suka nuna. Sai dai an kai ga wannan ne ta kwatanta ɗimbin kalmomi da nahawu bisa ƙa'ida, ba ta sunan gari ɗaya ba.

Haka Roni take da Ron, al'ummar Bokkos a Filato, da kuma Rano, ɗaya daga Hausa Bakwai, can kudu da Kano. Gwiwa ma tana da takwara a Sakkwato, ga Giwa ta Kaduna, wadda harafi ɗaya ya raba su a takarda.

Wannan ɗabi'a ba ta 'yan zaure kaɗai ba ce. H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina, ya cika littafinsa Sudanese Memoirs na 1928 da irin wannan ƙulle-ƙulle, kuma yana cikin waɗanda suka danganta Bayajidda na Daura, maƙwabciyar Kazaure, da Abu Yazid, ɗan tawayen da ya yaƙi Faɗimiyyawa a Afirka ta Arewa har aka kashe shi a 947. Hasashen yana da daɗin ji. A ganina mafi yawan nauyinsa a kan kunne ya rataya.

Ba cewa nake suna ba shi da amfani ga mai bincike ba. Yana buɗe tambaya, amma sai salsala da takardu da jerin sarakuna sun amsa ta. Kazaure da Dambatta ba su yi kama ko da a gaɓa ɗaya ba, amma daga Dambatta Ɗan Tunku ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye a 1819, kuma ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar a Kazaure. Babura kuwa, da ake yawan ambatonta tare da Kazaure, Roni da Gwiwa, a masarautar Ringim take.