Gwamnati Da Masu Fasahar Karkara A Ƙasar Ostiraliya, Daga 1943 Zuwa 2023

Sana'ar makaɗi da mawaƙi da mai wasan kwaikwayo duk a kan taro ta dogara. Ran da aka hana taro kuwa, an hana su abinci ke nan. Abin da ya faru ke nan a duniya cikin shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa da wuraren biki, har a Kano ma aka fasa hawan Salla. Nufin wannan takarda shi ne a duba yadda gwamnatin ƙasar Ostiraliya ta agaji masu fasaha na karkararta a wannan lokaci, a kuma bi sawun abin zuwa asalinsa.

Da fari ya kamata mu daidaita kalmomi. Abin da muke nufi da "tallafi" a nan shi ne kuɗin da hukuma ke ba mutum ko ƙungiya domin wani aiki sananne, ba a kuwa biya. Ya bambanta da rance, gama rance sai an mayar. Ya kuma bambanta da kyautar ubangida, wadda ke bin ganin dama. Mai neman tallafi sai ya rubuta takarda, a auna ta, in ya samu kuma daga baya ya ba da lissafin yadda ya kashe.

Ostiraliya ta fi Nijeriya faɗi sau takwas, amma mutanenta a 2020 ba su wuce miliyan 26 ba. Wajen kashi biyu cikin uku na zaune a manyan birane kamar Sidni da Malbon, sauran kuwa sun warwatsu a ƙananan garuruwa da ƙauyuka masu nisan gaske da juna. Saboda haka tun da daɗewa tambayar da ke damun masu kula da fasaha a can ita ce, ta ƙaƙa abin da ke birni zai kai ga mutumin daji?

Amsar ta faro ne daga Ingila. Cikin 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa wata majalisa mai suna CEMA, aikinta kai kiɗa da wasan kwaikwayo ga ma'aikatan masana'antu da mutanen garuruwan da yaƙi ya ƙuntata. Wata mawaƙiya 'yar Ostiraliya, Dorothy Helmrich, ta ga wannan aiki da idonta. Da ta koma gida sai ta kafa irinta a Sidni cikin 1943. Ƙungiyar ta yi rassa a jihohi, tana aika 'yan wasa da makaɗa yawo gari gari. Ita ce yau ake kira Regional Arts Australia. Cikin 1996 gwamnatin tarayya ta buɗe asusu na musamman domin fasahar karkara, rabon kuɗinsa kuwa yana bi ta hannun ƙungiyoyin da ke kowace jiha.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta bi ta wajen mutanen ƙasa na asali, watau Aborijin, waɗanda kafin zuwan Turawa suna da harsuna fiye da 250. Cikin 1971, a wani ƙauye mai suna Papunya da ke tsakiyar hamada, wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa su zana labarun kakanninsu da fenti. A 1972 suka kafa kamfanin kansu, Papunya Tula. Daga nan irin waɗannan gidajen zane suka yaɗu, har gwamnati ta zo tana ɗaukar nauyin wajen 80 daga cikinsu. A ƙauyuka da yawa sayar da zane yana cikin 'yan hanyoyin samun kuɗi kaɗan da ke akwai, a gidan zanen kuma yara ke jin harshen iyayensu daga bakin tsofaffi.

To, shekarar 2020 ta zo wa karkara da masifa biyu a jere. Gobarar daji da ta ci tun ƙarshen 2019 ba ta daɗe da mutuwa ba, sai ga annoba. Daga ran 16 ga Maris aka hana taron da ya wuce mutum 500, kafin wata ya ƙare kuwa an rufe gidajen wasa duka. Ƙauyukan Aborijin ma aka tsare hanyoyinsu don gudun kada cutar ta shiga. Wannan ya ceci rayuka, amma ya yanke baƙi masu sayen zane.

Babban agajin da gwamnatin Scott Morrison ta fito da shi domin ma'aikata duka shi ne JobKeeper, dala 1,500 ta Ostiraliya kowane mako biyu ga ma'aikaci. Amma da sharaɗi: ɗan ƙwadago sai in ya yi wata 12 yana aiki wurin maigida ɗaya. Ɗan wasa kuwa yau yana wannan kamfani, bayan wata biyu yana wancan, haka mai gyaran fitilun dandali da mai ɗinka tufafin wasa. Da yawansu sharaɗin ya bar su waje, sai suka koma layin masu karɓar kuɗin rashin aiki. Kuɗin ya yi yawa ƙwarai, amma an auna shi ne da mudun ma'aikacin ofis.

Cikin Afrilu na 2020 ministan fasaha, Paul Fletcher, ya ba da sanarwar dala miliyan 27. An ba asusun karkara miliyan 10, gidajen zane na Aborijin miliyan 7, sa'an nan miliyan 10 ga Support Act, ƙungiyar jinƙai mai kula da makaɗa. Kuɗin karkara an kasa shi uku: na tsayar da yunwa nan take, na komawa bakin aiki, da na ayyuka masu dogon zango. A Yuni aka ƙara da shiri na dala miliyan 250. Cikinsa miliyan 90 rance ne, miliyan 75 kuma tallafi ne ƙarƙashin sabon asusu mai suna RISE, wanda daga baya aka kai shi miliyan 200.

Mai karatu ya lura da bambancin. RISE sabon abu ne, sai da aka tsara masa doka da takardu, har watan Nuwamba kafin a faɗi waɗanda suka fara samu. Masu suka sun ce manyan kamfanoni, masu akawu da lauya, su suka fi iya cika takardunsa. Miliyan 17 na karkara da na gidajen zane ƙanƙane ne in an gwada su da wannan, amma sun bi hanyar da aka riga aka share, ta hannun mutanen da suka san sunan mai zane da ƙauyensa. Gidajen zanen kuma, da yake suna da ma'aikata da littafin lissafi, sun iya juya ciniki. Kasuwar zanen Aborijin da akan ci kowace shekara a Darwin, a Agustan 2020 ta intanet aka ci ta.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. Cikin Janairu na 2023 gwamnatin Anthony Albanese ta fito da sabon tsarin al'adu mai suna Revive, na dala miliyan 286 cikin shekara huɗu, wanda ya ɗauki mai fasaha a kan ma'aikaci ne kamar kowa, aka kuma ƙara wa asusun karkara kuɗi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da aka kafa a 1943, da kamfanin 1972, da asusun 1996, ba wanda aka yi domin annoba, amma su suka kai agaji ƙauye da ta zo. Duk hukumar da ba ta san yawan makaɗanta da masaƙanta da inda suke zaune ba tun ana zaman lafiya, ran da masifa ta sauka ko da ta ware kuɗi, wanda ya fi kusa da ƙofar ofis shi zai kwashe.