Nusuk, Apple da Google: Yadda rumbunan manhajoji suka shiga harkar Hajji da Umara

Unguwar Kudai tana kudu da Masallacin Harami a birnin Makka, daura da Misfala, yankin da ake sauke da yawa daga cikin alhazan Najeriya da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A nan ne kuma ake da ɗaya daga cikin manyan wuraren ajiye motoci, inda bas-bas ke kwasar masu ibada su ratsa da su ta hanyar da aka huda cikin duwatsu zuwa Harami.

A shekarun baya, fasfo da guzuri da shaidar masauki su ne abin da baƙo a wannan unguwa ke tattalawa. Yanzu wayar salula ta shiga sahu, domin wani ɓangare na izinin ibada ya koma cikin manhaja. Ita kuwa manhaja, kafin ta isa hannun alhaji, sai ta bi ta ƙofar da kamfanoni biyu na Amurka ke riƙe da makullinta.

Daga Eatmarna zuwa Nusuk

Annobar korona ce ta buɗe wannan babi. Lokacin da Saudiyya ta sake buɗe Umara a watan Oktoban 2020 bayan dakatarwar watanni, ta wajabta neman izini ta manhajar Eatmarna, tare da Tawakkalna mai nuna matsayin lafiyar mutum. Annoba ta lafa, amma tsarin ya zauna daram. A 2022 Eatmarna ta rikiɗa ta zama Nusuk, a ƙarƙashin Ma'aikatar Hajji da Umara.

Ta Nusuk ake neman lokacin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW) da ke Madina. A Hajjin 2024 kuma aka wajabta katin Nusuk, wanda ake ratayawa a wuya, yake kuma da kwafi a cikin manhajar. Maniyyatan Najeriya, waɗanda aka ware wa kujeru 95,000 a wannan shekarar, har yanzu ta hannun hukumar NAHCON da hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo suke biyan kuɗin kujera. Sai dai da zarar sun sauka ƙasa mai tsarki, buƙatar manhajar ke taso musu, kamar yadda take taso wa sauran mutum sama da miliyan 1.8 da suka yi Hajjin shekarar.

Su wane ne ke riƙe da ƙofar?

Apple ya buɗe rumbunsa na App Store a watan Yulin 2008 da manhajoji kusan 500. Bayan wata uku Google ya biyo baya da Android Market, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Play a 2012. Abokan hamayya irin su BlackBerry da Nokia da Windows Phone duk sun faɗi a hanya, kasuwa ta koma hannun biyu.

Tsarin nasu ya bambanta. A wayar iPhone, a mafi yawan ƙasashen duniya, ciki har da Saudiyya da Najeriya da Nijar, babu wata halastacciyar hanyar sauke manhaja sai App Store. Android ta fi sassauci: ana iya ɗora manhaja daga waje, kuma masu ƙera wayoyi kan saka nasu rumbun, kamar Galaxy Store na Samsung da Palm Store da ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion.

Dukkansu biyun sun daɗe suna karɓar kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi a cikin manhaja, kafin su rage wa ƙananan masu ƙirƙira zuwa kashi 15 a 2021. Wannan kaso bai shafi kuɗin otal ko tikitin jirgin ƙasa ba, kuma sauke Nusuk kyauta ne. Inda yake cizo shi ne manhajojin Alƙur'ani da azkar da lokutan sallah masu karɓar kuɗin rajista.

Akwai kuma kuɗin shiga kasuwar. Matashin da ya rubuta manhajar koyar da aikin Hajji da Hausa a Kano ko Maraɗi zai biya Google dala 25 sau ɗaya tak. Apple kuwa dala 99 yake karɓa duk shekara, ban da buƙatar kwamfutar Mac da aka saba haɗa manhajojinsa da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a Android, alhaji mai iPhone kuma ya rasa abin da aka rubuta da harshensa.

Inda ake maƙalewa

Cikas na farko shi ne tsufan waya. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin zubin Android ko iOS da take aiki a kai, kuma wannan ma'auni hawa yake yi a kai a kai. Dattijon da ya taho daga ƙauye da ƙaramar wayar da ta yi masa hidima shekara biyar, cike da karatun malamai da hotunan jikoki, yana iya tarar da cewa rumbun ya ƙi nuna masa manhajar sam, ko kuma babu wurin da za ta zauna. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan.

Na biyu ya fi shafar masu iPhone, wadda ake yi wa kallon wayar masu hali. Da yawa daga cikin waɗanda ake saya a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano an riga an yi amfani da su a ƙasashen waje, kuma sau da yawa mai shago ne ke buɗe wa mai saye asusun Apple. Ranar da aka nemi kalmar sirri a Makka, mai shagon yana can Kano, ita kuma wayar ba ta karɓar manhaja ta wata hanya. Ƙari a kan haka, kowane asusu yana ɗaure da ƙasa guda, kuma akwai manhajojin da ake taƙaita su ga rumbun wata ƙasa. Sauya ƙasar asusu yana yiwuwa, amma yana da sharuɗɗan da ba a son fara karanta su a bakin motar zuwa Harami.

Na uku siyasa ce tsantsa. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta saka Huawei a jerin kamfanonin da aka hana hulɗar fasaha da su, kuma daga Mate 30 zuwa gaba sababbin wayoyinsa suka riƙa fitowa ba tare da Google Play ba. Kamfanin ya koma dogaro da rumbunsa na AppGallery. Rikici tsakanin Washington da Beijing ya sa duk hukumar da ke son isa ga kowane baƙo sai ta yi tunanin rumbu na uku.

A gida, maganin irin wannan matsala sananne ne: a tura wa juna manhaja ta Xender, ko a ba yaron shago ya ɗora. A nan ne hujjar Apple ke da ƙarfi, ko da kuwa kasuwanci ne ke bayanta. Manhajar da za a danƙa wa lambar fasfo da biza da hoton fuska ba irin wadda ake karɓa daga hannun wanda ba a sani ba ce, domin ana iya kwaikwayon ta jabu da tambari iri ɗaya.

Ikon cirewa da ikon bari

Wanda ke da rumbu shi ke yanke hukuncin abin da zai zauna a ciki, kuma manhajojin Musulmi sun ɗanɗana wannan iko ta fuskoki daban-daban. A watan Oktoban 2021 Apple ya cire Quran Majeed daga rumbunsa na China bisa buƙatar hukumomin ƙasar, yana mai cewa dole ne ya bi dokokin inda yake kasuwanci. A 2019 kuwa, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da wasu 'yan majalisar Amurka sun matsa wa Apple da Google su cire Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, saboda damar da ta ba waliyyai ta sarrafa tafiye-tafiyen mata. Kamfanonin ba su cire ta ba.

Akwai lokacin da ikon ya yi rana. Bayan rahoton da ya fito a ƙarshen 2020 cewa kamfanin X-Mode na tattara bayanan wurin da masu amfani da wasu manhajoji suke, ciki har da Muslim Pro, yana sayarwa ga 'yan kwangilar sojin Amurka, Apple da Google sun umarci masu manhajoji su cire na'urar bin sawun kamfanin ko a kore su daga rumbu. Muslim Pro ta musanta sayar da bayanan mutane ga soji, ta kuma yanke hulɗa da X-Mode.

Gyaran da ke tsayawa a kan iyaka

A watan Agustan 2020, lokacin da aka cire wasan Fortnite daga rumbunan biyu, kamfanin Epic Games ya shiga shari'a da su a Amurka. A Disamban 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a California suka samu Google da laifin kane-kane a kasuwa. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2021 da ta hana tilasta wa masu manhaja hanyar biyan kuɗi guda. Tarayyar Turai ta fi kowa nisa: dokarta ta kasuwannin intanet ta tilasta wa Apple barin wasu rumbuna a iPhone daga Maris ɗin 2024, sannan a Afrilun 2025 ta ci shi tarar yuro miliyan 500.

Amma Apple ƙasa-ƙasa yake aiwatar da irin wannan sassauci, inda doka ta tilasta masa kaɗai. Alhazai biyu na iya zama a bas ɗaya daga Kudai, riƙe da iPhone iri ɗaya, wanda ya zo daga Faransa yana da zaɓi a ƙasarsa da na Sakkwato ba shi da shi. Galibin shari'un ma a kan kason kuɗi ake yin su, alhali damuwar mai ƙaramar waya ita ce ko manhajar za ta sauka.

A ɓangaren Android kuma ƙofar da ke buɗe ta fara ƙuntata. A watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai buƙaci duk mai ƙirƙirar manhaja ya tabbatar da ko shi wane ne, har da waɗanda ba sa bi ta Google Play. Ya ce za a fara da Brazil da Indonesiya da Singapore da Thailand a Satumban 2026, sauran duniya kuma daga 2027. Indonesiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan kujerun Hajji, don haka alhazanta na cikin waɗanda za su fara isa Makka da wayoyin da wannan ƙa'ida ta hau kansu.