Iya Mai Kitso: Shekara Casa'in A Kan Tabarma Ɗaya

A garin Matamai, cikin jahar Damagaram, an yi wata tsohuwa da ba mai kiran ta da sunan yanka. Babba da yaro, Iya Mai Kitso suke ce mata. Allah ya yi mata rasuwa, ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce ta yi wayo lokacin Yaƙin Hitila, wanda aka gwabza daga 1939 zuwa 1945. Da wannan lissafi, shekarunta sun kai casa'in.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa mai kitso da tarihi? Tarihin Nijar da aka karantar da mu na sarakuna ne da kumandodi da shugabanni. Ko a cikin sana'o'in gargajiya, wanzami yana da sarautarsa, maƙeri da mahauci suna da tasu, ana naɗa su a fada. Mai kitso kuwa a tsakar gida take aikinta, inda marubuci ba ya leƙawa. Alhali da kuɗin irin wannan sana'a gidaje da yawa suka tsallake shekarun wahala.

Iya ta koyi kitso wurin gwaggonta, kamar yadda aka saba: yarinya ta fara da tsifa, ta koyi tsaga, sannan a ba ta kan ƙanwarta ta gwada. Kayan aiki ba su da yawa: tsinke, mataji, man shanu, da karkashi na wanke kai. A ƙuruciyarta doka ce adon manyan mata, a cusa ta ta yi tudu, a shafe ta da shuni. 'Yan mata kuma a yi musu zanen yawo. Ta ga ƙarshen aikin tilas, wanda Faransa ta soke a 1946, ta kuma ga shigowar kuɗin sefa da aka ƙirƙiro a 1945. Duk da haka, sau da yawa ladan kitso ba kuɗi ba ne. Ƙwaryar hatsi ce, ko goro, ko nono.

Daga nan gyaɗa ta yi tashe. Ƙasar Matamai da Magarya ta zama cibiyar nomanta, kuma bayan samun 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen ta. Da kaka kuɗi kan shigo gari, a yi ta aure, Iya ta wuni ba ta miƙe ba. A al'adar Bahaushe, abin da mace ta samu da hannunta nata ne, ba na miji ba. Da nata ta shiga adashi, ta sayi awaki, ta tara wa 'ya'yanta mata kwanonin jere.

Amfanin awakin nan ya fito a farin 1973 da 1974, wanda ya ƙare da juyin mulkin Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu 1974. Gyaɗa ta faɗi, maza suka tafi cin rani Kano da Legas, mata suka riƙe gida. Iya ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya ta sayi gero. Haka aka sake yi a yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ga garin da ke kan hanyar Daura da Kano, rufe iyaka rufe rumbu ne. Takan ce a shekarar nan kitso bai tsaya ba, biya ne ya tsaya, domin ba ta iya barin amarya ta tare da kai a tsefe don uwarta ba ta da dala.

Aikinta ya wuce ado. Ita ke yi wa mai jego kitson suna, ita ke kitsa amarya, ita ce kuma ke fara taɓa kan macen da ta gama takaba bayan wata 4 da kwana 10. Mace idan ta ɗora kai a cinyar mai kitso, bakinta yakan buɗe: maganar kishiya, ta bashi, ta ciwon da aka ɓoye. A Hausa, da kalma ɗaya ake kitsa gashi a kitsa makirci, amma ba a taɓa jin sirrin wata ya fita daga bakin Iya ba. Sai dai ba ta kitso da ƙwarƙwata; in ta ga ɓaraka a gidanki, za ta faɗa miki, ke kaɗai.

Zamani ya juya. Darajar sefa ta karye da rabi a Janairun 1994, kaya suka yi tsada. Shuku da kalaba suka kori doka, gashin kanti da man miƙar da gashi suka shigo, aka buɗe shagunan gyaran kai. Ba ta yi faɗa da sabon yayi ba. Da ganinta ya ragu, jikarta ta gaji tabarmar, ita kuma tana gefe tana shafa tsaga da yatsa, ta ce a gyara nan.

Yau a garin da wuya ka sami wadda ta iya doka irin ta da. Sunayen kitson, da lokacin da ake yin kowanne, da labarin yadda mata suka ciyar da gidaje a shekarun yunwa, duk suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Duk wanda ke da irin wannan kaka a raye, ya zauna kusa da ita da alƙalami ko da wayarsa, ya tambaye ta tun tana iya amsawa.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya albarkaci zuriyar da ta bari.