Giris ɗin da Yaƙi Ya Haifa

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Amurka sun gamu da cikas: da sun lula can inda iska ke raguwa, sai wuta ta riƙa tsallakewa daga wayoyin fulogi, injin ya kama tari. Maganin ya fito ne daga silikon, sinadarin da Baturen Ingila Frederic Kipping ya shafe sama da shekara 30 yana nazari bai hango masa amfani ba. A 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning, hajarsa ta farko kuwa giris ɗin silikon ce. Ba ya ɗaukar lantarki. Aikinsa tsare mahaɗar waya daga danshi da tsatsa. Irinsa makanikai ke shafa wa fulogi har yau.