Rawar notin faifan cen a babur: Yadda ake gano tushen matsalar

A hanyar da ta haɗa Aliero da Jega, da wadda ta miƙe daga Jega zuwa Maiyama ta nufi Koko da Yauri, babur na cikin manyan abubuwan sufuri. Shi ke ɗauko buhunan albasa daga gonakin Aliero, shi ke kai fatake kasuwar Jega, shi ne kuma abin hawan ma'aikata da dama. Cikin matsalolin da wannan aiki ke jawo masa akwai rawar notin da ke riƙe faifan cen, wadda akan raina har sai ta yi ɓarna.

Inda notin yake

Manyan babura irin Harley-Davidson na Amurka da bel suke juya tayar baya, amma Bajaj Boxer da Haojue da Jincheng da 'yan kabu-kabu ke hawa cen suke amfani da shi. Cen ɗin na hawa ne kan faifai biyu masu haƙora. Ƙaramin yana jikin injin, a kan sandar da ta fito daga giya, kuma yawanci haƙoransa 14 ne ko 15. Babban yana jikin tayar baya.

Bakin sandar giyar na da tsage-tsage waɗanda suka dace da na cikin ramin ƙaramin faifan, kuma su ne ke ɗaukar ƙarfin injin. Aikin noti shi ne hana faifan zamewa. A wasu babura babban noti guda ne a tsakiya, da washa mai lanƙwasa da ke kulle shi. A wasu kuwa ɗan farantin ƙarfe ne da ƙananan notuna biyu. A wannan tsari na biyu, ɗan motsi kaɗan a jikin faifan ba aibi ba ne, haka aka ƙera shi.

Alamomi

Alamar farko ita ce ƙarar ƙwas-ƙwas daga gefen hagu na injin, musamman wajen tashi ko sakin totur. Sai cen da ke yin tauri a wani wuri, ya saki a wani. Akan kuma ga jar ƙura mai kama da tsatsa a bakin sandar, wadda ke nuna ƙarfe na cin ƙarfe, ko baƙin mai na tsattsafowa ta bayan faifan.

Yadda ake bincike

Da farko a kashe injin, a zare makulli, a ɗora babur kan tsayuwarsa ta tsakiya, a fitar da shi daga giya, sannan a cire murfin faifan. Ba a yin wannan bincike injin na aiki, domin cen na iya fizge yatsa cikin ƙiftawar ido. Sai a riƙe alli kusa da faifan ba tare da motsa hannu ba, wani kuma ya juya tayar baya a hankali. Abin da ake son sani ɗaya ne: wane ne ke rawa?

Idan kan notin kaɗai ke karkacewa alhali faifan na juyawa daidai, to notin ne ya lanƙwashe, ko an ɗaura shi a karkace har zarensa ya lalace. Wannan ita ce mafi sauƙi, sabon noti da sabuwar washa sun wadatar, muddin zaren sandar na nan lafiya.

Idan faifan na rawa tare da notin, har allin na taɓa gefe guda kawai, sai a cire shi a duba. Wataƙila bai zauna daidai ba, ko tsage-tsagen cikinsa sun cinye. In na jikin sandar ma sun siranta, sabon faifai ba zai daɗe ba.

Idan kuwa an cire faifan, aka kama sandar aka ji tana motsi sama da ƙasa, to boris ɗin da ke riƙe ta a cikin injin ya mutu. In ba ta motsi a hannu amma bakinta na karkacewa wajen juyawa, ita ce ta lanƙwashe. Dukansu biyu sai an buɗe injin.

A duba faifan baya shi ma, domin sakin notunansa ko mutuwar robobin da ke cikin cibiyar tayar na haifar da irin wannan ƙara.

Abin da ke jawo ta

Babban dalili shi ne ɗaure cen fiye da kima. Sa'ad da aka labta wa babur kaya bayansa ya sauka, cen na ƙara tauri, nauyin kuma ya koma kan sandar giya da boris ɗinta. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan babura ke barin sassaucin kusan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyar cen. Sauran dalilan sun haɗa da sake amfani da tsohuwar washa, da ɗora sabon cen kan tsohon faifai, da ƙurar rani da ke haɗuwa da giris ta riƙa goge ƙarfe.

Hattara da walda

Wasu makanikai kan liƙe faifan da sandar ta hanyar walda. Rawar kan tsaya na ɗan lokaci, sai dai zafin na ƙona robar da ke tare mai, kuma ranar da haƙoran faifan suka cinye, da wuya a cire shi ba a lalata sandar ba.

Haka nan, ƙara ɗaure noti ba tare da gano abin da ya sa ya saki ba ɓoye ciwo ne kawai. Idan faifan ya fice ana cikin gudu, cen na iya fasa jikin injin ko ya naɗe tayar baya ta tsaya cak. Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, amma duba noti na minti goma ya fi zuwa wurin maɗori sauƙi da araha.