Gwanayen jitar bes goma da suka fi tasiri, da yadda aka danne haƙƙin wasunsu

Sai a shekarar 1971 ne kamfanin waƙoƙi na Motown da ke birnin Detroit a Amurka ya buga sunayen makaɗansa a jikin faifai, a kundin What's Going On na Marvin Gaye. Kafin wannan lokaci, James Jamerson ya shafe fiye da shekara goma yana kaɗa jitar bes a waƙoƙin kamfanin. Duniya tana rawa da kiɗansa, ba ta san sunansa ba. Haka lamarin yake a ko'ina: kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya lissafo waɗanda suka riƙa masa kalangu?

Saboda haka jera gwanayen bes ya wuce musun masoya kiɗa. Tambaya ce a kan wanda ya yi aiki, da wanda aka yaba wa, da wanda ya kwashi kuɗin.

Mece ce jitar bes?

Jita ce mai dogon wuya, galibi mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa da ta jitar da aka saba gani. Aikinta shi ne haɗa bugun ganga da karin waƙa. Mai sauraro ya fi jin ta a ƙirji fiye da kunne, kuma sau da yawa ba ya lura da ita sai an cire ta, ya ji kiɗan ya zama fanko.

Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irinta a birnin Seattle a shekarun 1930, amma ba ta karɓu ba. Sai a 1951, da Leo Fender ya fito da samfurin Precision, makaɗa suka soma ajiye ƙatuwar bes ta tsaye, wadda ta kai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga rashin ƙara a tsakiyar ganguna da ƙahonni. Sabuwar tana aiki da lantarki, ana rataya ta a kafaɗa, kuma tana da ƙananan ƙarafa a gicciye a wuyanta da ke nuna wa yatsa inda zai danna.

Wane ma'auni aka bi?

Duk jerin gwanaye yana bin fuskar masu zaɓe. A 2011 mujallar Rolling Stone ta nemi ra'ayin masu karatunta, suka ɗora John Entwistle na ƙungiyar The Who ta Ingila a kan gaba. A 2020, da marubutan mujallar suka yi nasu jerin na mutum 50, sai Jamerson ya zo na ɗaya. Mujalla ɗaya, amsa biyu, domin masu zaɓen sun bambanta.

Wannan jeri ya dogara ne da abubuwa uku: ko makaɗin ya sauya yadda ake kaɗa kayan, yawan mutanen da kiɗansa ya isa gare su, da kuma ko na bayansa sun ɗora a kan abin da ya bari. An taƙaita shi ga bes mai lantarki. Wannan ne ya fitar da Charles Mingus, gwanin bes ta tsaye, wanda a 1959 ya fitar da Fables of Faubus don yi wa gwamnan jihar Arkansas zambo, bayan da gwamnan ya tura dakaru su hana ɗalibai baƙaƙen fata shiga wata makarantar sakandare a Little Rock a 1957.

1. James Jamerson (1936 zuwa 1983)

Kafin shi, aikin mai bes bai wuce maimaita sauti biyu ko uku ba. Jamerson, wanda ya taso a kiɗan jaz, ya mayar da bes murya ta biyu a cikin waƙa, tana tafiya tana amsa wa mawaƙi, kuma da yatsa ɗaya yake fizgar tsirkiya. Shi ne a My Girl ta The Temptations da mafi yawan fitattun waƙoƙin Motown na shekarun 1960. Da kamfanin ya koma Los Angeles a 1972 ya bi shi, amma aiki ya riƙa ja baya, shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. An sace jitarsa gab da rasuwarsa a watan Agustan 1983, yana da shekara 47. Sai a 2000 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen kiɗa na Rock and Roll Hall of Fame.

2. Jaco Pastorius (1951 zuwa 1987)

Ya kaɗa bes wadda aka cire wa ƙarafan wuya, don haka muryarta ke zamewa daga sauti zuwa sauti kamar ta goge. Kundinsa na farko na 1976, da aikinsa a ƙungiyar Weather Report da kuma tare da Joni Mitchell, sun nuna cewa bes za ta iya jan ragamar kiɗa ita kaɗai. Ƙarshensa abin tausayi ne. Ya yi fama da taɓin ƙwaƙwalwa har ya riƙa kwana a waje. A watan Satumban 1987 wani ma'aikacin gidan rawa a jihar Florida ya yi masa duka, ya rasu bayan kwanaki yana da shekara 35. Wanda ya doke shi watanni huɗu kacal ya yi a kurkuku.

3. Aston Barrett (1946 zuwa 2024)

An fi saninsa da laƙabin Family Man. Shi ne jagoran makaɗan Bob Marley, ƙanensa Carlton kuma yana kan ganga. A kiɗan rege bes ce ke ɗauke da karin waƙa, kuma gwanintar Barrett tana cikin sanin inda zai yi shiru. Yana kan dandali a Kingston a 1978 lokacin da Marley ya haɗa hannun abokan gabar siyasa biyu, Michael Manley da Edward Seaga, haka kuma a bikin samun 'yancin Zimbabwe a 1980. A 2006 babbar kotun Landan ta kori ƙarar da ya shigar yana neman fam miliyan 60 daga kamfanin faifai da iyalan Marley, bisa hujjar cewa ya riga ya sa hannu a wata yarjejeniyar sulhu a 1994.

4. Carol Kaye (an haife ta a 1935)

Makaɗiyar jita ce a situdiyoyin Los Angeles, har zuwa wata rana a 1963 da mai bes bai zo aiki ba aka miƙa mata kayan. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi naɗar kiɗansu a tarihi, inda ake ƙiyasta ta yi aiki a naɗi kusan 10,000, a sana'ar da maza suka mamaye. Ita ce a yawancin kundin Pet Sounds na The Beach Boys na 1966. Ta yi iƙirarin cewa ita ta kaɗa wasu waƙoƙin Motown da aka san Jamerson da su, ciki har da Bernadette, amma marubucin tarihin Jamerson, Allan Slutsky, ya musanta. Da an rubuta sunayen makaɗa tun farko, da wannan taƙaddama ba ta taso ba.

5. Larry Graham (an haife shi a 1946)

Buƙata ce ta haifar da salonsa. Yana matashi yana kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fincikar siririyar da manuniya a madadin ƙaramar. Duniya ta ji wannan salo a waƙar Thank You ta Sly and the Family Stone a ƙarshen 1969. Yau da wuya a sami mai koyon bes, daga Tokyo zuwa Legas, da bai gwada shi ba.

6. Paul McCartney (an haife shi a 1942)

Ba da son ransa ya ɗauki bes ba. A 1961 Stuart Sutcliffe ya bar The Beatles, sauran suka ƙi karɓar aikin, ya faɗo kansa. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 ya riƙa tsara bes mai karin kanta, kamar a Something da Come Together, kuma ya sha faɗin cewa Jamerson ya yi tasiri a kansa. Bambancinsu a fili yake: McCartney marubucin waƙa ne, saboda haka yana da kaso a duk lokacin da aka sayi waƙarsa ko aka sa ta a rediyo. Jamerson kuwa ma'aikaci ne da ake biya ladan aiki.

7. Bootsy Collins (an haife shi a 1951)

A watan Maris na 1970 makaɗan James Brown suka yi masa bore a kan kuɗi, sai ya maye gurbinsu da wasu samari daga Cincinnati, ciki har da Collins mai shekara 18. Shi ya kaɗa Sex Machine. A wurin Brown ya koyi ƙa'idar sauke nauyin kiɗa a kan bugun farko. A ƙarshen wannan shekara suka zo Legas, inda ya je gidan rawan Fela Kuti, kuma ya sha ba da labarin yadda kiɗan da ya ji a can ya girgiza shi. Daga baya ya koma Parliament-Funkadelic, waɗanda mawaƙan hip-hop na shekarun 1990 suka yi ta yankar kiɗansu suna ɗora waƙa a kai.

8. Bernard Edwards (1952 zuwa 1996)

Shi da Nile Rodgers suka kafa ƙungiyar Chic. Bes ɗin da ya kaɗa a Good Times a 1979 ita aka kwaikwaya a Rapper's Delight ta Sugarhill Gang, waƙar da ta fara kai hip-hop kasuwar duniya. An yi hakan ba da izininsu ba. Da suka yi barazanar zuwa kotu, aka sa sunayensu cikin marubutan waƙar. Sun yi nasara ne domin su suka rubuta Good Times, doka tana bayansu. Edwards ya rasu a Tokyo a 1996 bayan wani wasa, sanadiyyar ciwon huhu.

9. Richard Bona (an haife shi a 1967)

Ɗan garin Minta ne a ƙasar Kamaru. A Douala ya ci karo da faifan Pastorius, ya ajiye jita ya rungumi bes. Ya zauna a Faransa, sannan Amurka, ya yi aiki da Joe Zawinul, tsohon ubangidan Pastorius a Weather Report, ya kuma jagoranci makaɗan Harry Belafonte. Yana waƙa da harshen Duala, yana kaɗa abin da yake rerawa a lokaci guda. Ya fito daga ƙasar da ta yi suna wajen haifar gwanayen bes, irin su Étienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco, kuma ya sha fitowa fili yana sukar gwamnatin Paul Biya.

10. Bakithi Kumalo (an haife shi a 1956)

Ya taso a unguwannin baƙaƙen fata na Johannesburg a zamanin mulkin wariyar launin fata. Paul Simon ya ɗauke shi aikin kundin Graceland na 1986, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce domin an naɗi wani sashensa a Afirka ta Kudu alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kiran a ƙaurace wa ƙasar ta fuskar al'adu. Masu suka suka ce an karya takunkumi, masu goyon baya suka ce an buɗe wa makaɗan da aka danne ƙofa. Gajeren gudun bes da ke cikin You Can Call Me Al nasa ne, kuma rabinsa na biyu naɗin rabin farko ne aka juya da baya. Tushen salonsa kiɗan mbaqanga ne, wanda magabata irin su Joseph Makwela suka kafa.

Inda kuɗin ke tafiya

Wani zai ce ina Entwistle, ko Jack Bruce, ko Stanley Clarke, ko Robbie Shakespeare, wanda Barrett ya koya wa kiɗa? Duk suna da hujja, kuma jeri na goma ba ya ɗaukar kowa. Abin da ba ya sauyawa ko da an sauya sunaye shi ne tsarin rabon.

A al'adar masana'antar, marubucin waƙa shi ne wanda ya tsara kalmomi da karinta. Abin da mai bes ya ƙirƙira a situdiyo ana lissafa shi a matsayin aikin da aka biya lada, ko da shi ne abin da mutane suke tunawa da waƙar. A Amurka har yau gidajen rediyo na gargajiya suna biyan marubuta waƙa, ba sa biyan waɗanda suka kaɗa ta. Daga cikin goman nan, McCartney da Edwards, waɗanda sunayensu ke kan manyan waƙoƙi a matsayin marubuta, su ne doka ta fi karewa. Jamerson ya mutu ba shi da jitarsa, Barrett ya faɗi a kotu.

Darasin ya shafi matasan da ke haɗa kiɗa a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, inda akan sallami mai kiɗa da kuɗin aiki, waƙa kuma ta tafi da sunan mawaƙi kaɗai. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince da haƙƙin masu wasa, amma doka ba ta amfanar wanda ba shi da shaida. Kafin a danna maɓallin naɗi, a rubuta wanda ya tsara, da wanda ya kaɗa, da kason kowa, a sa hannu.